Yadda Ake Ƙara wa Garmar Ture Dusar Ƙanƙara Danni a Ƙaramar Tarakta

Dusar ƙanƙarar da ta kwana tana zuba, mai laushi kamar auduga, ba ta ba garma wahala. Ka sauke, ka tura, ta nannaɗe ta faɗa gefe. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da mota ta riga ta taka, ko inda rana ta ɗan narkar da ita da yamma, sanyin dare ya sake ɗaure ta. A nan sai ka ji garmar ta hau kai tana sulɓewa, ka waiwaya ka ga sawun taya biyu fari fat kamar ba ka bi ta wurin ba. Ka yi baya ka sake bi, haka dai. Man tarakta na ƙonewa, yatsunka na daskarewa, hanya tana nan yadda take.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin garmunan da ake ɗaura wa ƙaramar tarakta a gaba rataye suke da sarƙa, ko da sanda mai doguwar tsaga. Hannun ɗagawa yana iya jan su sama, amma ba ya iya tura su ƙasa. Idan ka sauke, nauyin garmar kaɗai ke danna bakinta. Mu ce kilo 30 ne ke sauka a kan baki mai faɗin santimita 120: kowace santimita ta samu kwatan kilo ke nan. Wannan ya isa ga sabuwar dusa, wadda mita ɗaya ta kowane ɓangare ba ta cika wuce kilo 100 ba. Wadda aka tattake kuwa ta ninka haka sau uku ko huɗu, tsantsar ƙanƙara kuma ta haura kilo 900. Kwatan kilo bai isa ya fasa ta ba.

Kafin ka ɗauki sufana, akwai abu guda da nake so ya zauna maka a kai, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Danni ba ya faɗowa daga sama. Wuri biyu kawai yake fitowa: ko ka ɗora wa garmar ƙarin nauyi, ko ka aro daga nauyin taraktar kanta. Wanda ka aro kuwa, tayoyin gaba ne ke biya, har da riba.

Ga lissafin. A ce tsakanin tayoyin baya da na gaba santimita 120 ne, bakin garma kuma yana santimita 60 gaba da tayoyin gaba. Daga tayoyin baya zuwa bakin garma 180 ke nan. Raba 180 da 120, ka samu ɗaya da rabi. Ma'ana, duk kilo ɗaya da ka danna garma da shi, tayoyin gaba sun yi asarar kilo ɗaya da rabi, na baya sun samu ƙarin rabin kilo. Ka danna da kilo 40, gaba ya rasa 60. Ko a ina aka ƙulla firam ɗin garmar a jikin tarakta, lissafin ba ya canzawa. Tayoyin gaba kuma su ne sitiyari. Shi ya sa za ka ga mutum ya ƙara danni yana murna, ya zo kwana ya murza sitiyari har ƙarshe, tarakta ta miƙe da shi ta shige cikin shinge. Garin neman ƙiba an samo rama.

Fara da gyara abin da ke akwai

Rabin garmunan da na ga ana kuka da su ba danni suka rasa ba, kulawa suka rasa. Ka ajiye taraktar a kan daɓen siminti mai baje, ka ja birki, ka kashe inji, ka zare makulli, ka cire wayar fulogi. Daidaita iskar tayoyi hagu da dama, domin taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta karkatar da garma, kusurwa ɗaya na noma ƙasa, ɗayar na shawagi. Sauke garmar, ka durƙusa a gabanta da tocila a bayanta. Duk inda haske ya ɓullo ta ƙarƙashi, nan dusa za ta bi.

Dubi ƙarfen bakin, wato dogon falle da aka ɗaure da notuna a ƙasan garmar. In ya cinye ya yi kumburin baki kamar tsohuwar wuƙa, hawa zai riƙa yi a kan dusa maimakon yanka. Da yawansu ana iya kwancewa a juya, ɗaya gefen ya koma ƙasa. In an riga an juya, sai sabo. In bakin roba ne ko na leda mai tauri, ka sani an yi shi ne don kada ya karce bulon ƙasa ko daɓe mai ado, ba don kankare ƙanƙara ba. Ko ka ɗora masa dutse ba zai yi aikin ƙarfe ba.

Sai takalman garma, ƙananan ƙarafan nan biyu da ke bayanta suna jan ƙasa. In sun sauka fiye da baki, su ne ke ɗauke da nauyin, duk dannin da za ka ƙara a kansu zai ƙare. A kan kwalta ko siminti, ɗaga su har bakin ya zauna da kansa. A kan tsakuwa kuwa akasin haka ake so: bakin ya tashi kamar santimita ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba idan bazara ta zo za ka tarar da rabin hanyarka a cikin ciyawa. Gaskiya ma, mai hanyar tsakuwa ba shi da buƙatar danni sai ƙasa ta daskare ta yi tauri.

Akwai ɓarawo ɗaya da mutane ba sa lura da shi. Taraktoci da yawa na da sifirin mai taimaka wa hannun ɗagawa, an sa shi don sauƙaƙa ɗaga injin yankan ciyawa. Wannan sifirin ba ya hutawa, ko garma na ƙasa yana jan ta sama. Sassauta shi, ko ka cire shi gaba ɗaya, ka ga bambanci. Wani lokaci a nan maganar take ƙarewa.

Duba kuma sifirin biyun da ke riƙe da fuskar garma a tsaye, waɗanda ke barin ta ta kife gaba idan ta ci karo da abu mai tauri. In sun saki, da ta taɓa dusa mai tauri sai ta sunkuya. Ɗaure su har su yi tauri, amma kada ka kashe su. In garmarka na da ramuka na canza tsayuwar fuska, gwada kowanne a wuri ɗaya. Idan saman ya ɗan jingina baya, bakin yana shiga ƙarƙashin dusa kamar kurfi, nauyin dusar da ke hawa fuskar kuma yana taya shi dannawa. Idan ya rusuna gaba, kankara yake yi ta sama. A ƙarshe girgiza firam ɗin da hannu. Duk fil ɗin da raminsa ya buɗe yana ƙwas-ƙwas, wasan nan zai cinye motsin da kake son ya isa baki.

Awo

Sikelin awon mutum, irin na banɗaki, ya wadatar. Ɗaga garma, sa sikelin a ƙarƙashin tsakiyar baki da guntun katako a kai don kada ƙarfe ya fasa shi, ka sauke a hankali. Tun da sikelin na da kauri, ka hau da tayoyin huɗu kan katakai masu kauri ɗaya da shi, in ba haka ba awon zai yi maka ƙarya. Rubuta abin da ka gani. Sannan garma na ƙasa, wani mai nauyi irin naka na zaune a kujera, ka sa sikelin a ƙarƙashin tayar gaba ɗaya, ka ninka biyu. Auna tazarar nan biyu da tef, ka fitar da naka lissafin.

Ni dai a ganina kada a cire wa tayoyin gaba fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu. In awo ya ba ka kilo 150, abin da za ka iya ara 50 ne. Raba shi da ɗaya da rabi, ka samu wajen 33. To ƙarin danninka kilo 30 ne, ba ɗari ba. Kada ka raina shi: ya ninka abin da bakin ke samu a da.

Ka tuna kuma bakin da ya kama ƙasa sosai ya fi wuyar turawa. In tayoyin baya ba su da kamun ƙasa, za su tsaya suna juyawa a wuri ɗaya. Don haka sarƙar taya da nauyin baya su ne farko, ba na ƙarshe ba: ƙarafan da ake ɗaurawa a jikin wili, ko ruwan da ba ya daskarewa a cikin taya. Masu zuba ruwan gishirin kalsiyam su sa tib, domin yana cin wili da tsatsa. In taraktarka ta yankan ciyawa ce zalla, mai firam na falle da ƙaramar giya, tsaya a kan hanya ta farko da ke tafe. Ba a gina ta don kokawa da ƙanƙara ba.

Hanya ta farko: ɗora nauyi

Ita ce mafi sauƙi, kuma tana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: muddin garma na ƙasa, nauyin a kan ƙasa yake, bai taɓa sitiyari ba, garmar kuma tana ci gaba da bin tudu da kwari yadda ta saba. Nemi fallen ƙarfe mai kauri, ko bututu da aka cika da busasshen yashi aka toshe bakinsa biyu. Ɗaure shi da notuna a kan firam, dab da bayan garma, a tsakiya, ƙasa-ƙasa. Kada ka rataya shi a saman fuska. Ranar da garmar ta kife, nauyin zai fizge ta da ƙarfi, sifirin kuma su kasa mayar da ita. Buhun yashi da igiya na yi na kwana biyu, daga nan ya jiƙe, ya daskare, ya zame gefe guda.

Fara da kilo 10, ka gwada, ka ƙara. Da wuya ka so wuce 20 ko 25, domin kafaɗarka ce za ta ɗaga shi sau hamsin a safiya ɗaya. Sannan da zarar ka ɗaga, lissafin ya juye: gaba ya yi nauyi, baya ya yi sauƙi, daidai lokacin da kake son ja da baya daga cikin tarin dusa.

Hanya ta biyu: sanda mai sifirin a madadin sarƙa

Wannan ita na fi so, a kanta zan daɗe. Tunanin farko da ke zo wa kowa shi ne a cire sarƙa a sa sandar ƙarfe, hannun ɗagawa ya riƙa tura garma ƙasa. Masu tsofaffin taraktocin Wheel Horse sun daɗe suna yin haka. Yana aiki, amma sanda tsurarta ba ta san sassauci ba. Na koyi wannan da ƙirjina. Shekarar da na fara sa ta, ina tafe ina jin daɗin ƙarar ƙarfe a kan siminti, sai bakin ya kama gaɓar daɓe da sanyi ya ɗaga, bai fi kaurin yatsa ba. Garmar ta so ta kife ta tsallake, amma kifewa na buƙatar firam ya ɗan tashi, sanda kuma ta hana. Tarakta ta tsaya cak, ni ban tsaya ba. Na rungumi sitiyari ba shiri, na sauko na tarar da hannun ɗagawa ya lanƙwashe. Maganin shi ne sifirin a tsakani.

Kayan da za ka nema: rodi mai zare na milimita 16, sifirin na matsewa wanda rodin zai ratsa cikinsa, woshoshi masu kauri, notuna huɗu zuwa shida, kan cokali mai yatsu biyu da fil ɗinsa na ƙasan rodin, da guntun ƙarfe mai kaurin milimita 6 ko fiye da za a huda rodin ya bi ta ciki. Wannan guntun shi nake kira maratayi.

Ga yadda suke zama. Ƙasan rodin na ƙulle da firam ɗin garma, a inda sarƙa take a da, da fil, don ya iya juyawa. Samansa ya ratsa ta hujin maratayi, maratayin kuma na maƙale a hannun ɗagawa da noti guda wanda zai bar shi ya ɗan karkata. A saman maratayi akwai wosha da noti biyu a ɗaure da juna. A ƙarƙashinsa wosha, sai sifirin, sai wata wosha, sai noti biyu. Ka ja hannu sama, maratayi ya daki notunan sama, garma ta tashi. Ka tura ƙasa, maratayi ya matse sifirin, sifirin ya danna rodi, rodi ya danna garma. Garma ta hau tudu, rodin ya zame sama ta cikin huji, sifirin ya shanye. Ta faɗa kwari, sifirin ya miƙe ya bi ta.

Zaɓen sifirin na son ɗan lissafi. Auna daga inda firam ke juyawa zuwa bakin garma, sannan daga wurin juyawar zuwa inda rodi zai kama. In na farko santimita 100 ne, na biyu 50, to ƙarfin da rodi zai bayar sai ya ninka abin da kake so a baki: kilo 60 don a samu 30. In rodin a karkace yake ba a tsaye ba, ƙara kaɗan. Sifirin da ke buƙatar kilo 20 kafin ya matsu santimita ɗaya zai ba ka 60 a santimita uku. Ba ka san ƙarfin wanda ke hannunka ba? Tsayar da shi a kan sikeli, ka danna da katako har ya ragu santimita ɗaya, ka karanta. Abu mafi muhimmanci, bayan ya matsu santimita ukun nan, ya kasance da sauran wajen uku ko huɗu kafin zobbansa su haɗe. Sifirin da ya haɗe ya koma sanda, an gudu ba a tsira ba.

Yanzu haɗawa. Sauke garma ƙasa, ka cire sarƙar, ka ajiye ta, za ka sake nemanta. Kai hannun ɗagawa matsayinsa na ƙasa, ka auna tsakanin mahaɗan biyu, ka yanke rodi da rarar santimita goma a sama. Kafin ka yanke, tabbatar rarar nan ba za ta soki murfin inji ko bel ko wayoyi ba idan rodin ya zame sama. Huda maratayi ya fi rodin faɗi, ka cusa guntun bututu mai santsi a hujin ya zama riga, domin zaren rodi in yana gogar ƙarfe kai tsaye zai riƙa cijewa. In aikin na son walda, cire wayoyin batir tukuna, ka nisanci tankin mai, ko ma ka kwance ƙarfen ka kai shi teburi. Notunan da ke ɗaukar nauyi su zama masu lamba 8.8 a kai. Rodi kuma gajere ya fi: abin da ake turawa, in ya yi tsawo, lanƙwashewa yake yi. Ya wuce santimita 40, yi amfani da bututu mai kauri, ka bar zare a ƙarshe kawai.

Daidaita notunan sama da farko. Ja hannu har sama, ka ga garma ta tashi yadda ta saba. Sannan sauke, ka murza notunan ƙasa sama har sifirin ya fara taɓa maratayi tun hannun bai kai ƙarshen tafiyarsa ba. Sa sikeli a ƙarƙashin baki, tura hannun har ƙasa, ka karanta. Ƙara ko rage har ka kai adadin da ka yanke, ka ɗaure noti da ɗan'uwansa.

Saura abu guda da ake yawan mantawa. Haƙoran da ke riƙe hannun ɗagawa an yanka su ne don hana kaya faɗuwa, ba don hana shi tasowa ba. Yanzu da sifirin ke turo shi, zai iya ɓallewa ya bugi gwiwarka ko wuyan hannunka. Yanka masa sabon gurbi mai kusurwa tsaye a matsayin ƙasa, ko ka huda ka sa fil mai zarewa. In da hali ka yi gurbi biyu: ɗaya inda sifirin bai fara matsuwa ba, garma na sake tana bin ƙasa da nauyinta, ɗaya na danni. Kashi tara cikin goma na aikinka a gurbin farko za ka yi shi.

Hanya ta uku: sandar lantarki

Wanda kafaɗa ta gaji, ko taraktarsa ba ta da hannun kirki, yana iya sa sandar lantarki mai turawa da ja, mai aiki da wutar batir ta volt 12. Winci ba zai yi ba, igiya ja kawai ta iya. Sanda mai tafiyar santimita 10 zuwa 15 ta ishi yawancin garmuna. Nemi wadda aka rufe ta da kyau daga ruwa, mai lambar IP65 ko IP66, ƙarfinta ya ninka abin da lissafinka ya nuna, kuma kada ta zama mai jan jiki, don za ka gaji da jira. Ƙulla ta da fil a kai biyu yadda ba abin da zai tura ta ta gefe, bakin da sandar ke fitowa ya kalli ƙasa don kada ruwan narkewa ya taru a ciki.

Wayoyinta ba wuya. Makunni mai ƙafa shida, wanda ke komawa tsakiya da kansa in ka saki, shi ke juya wuta. Ƙafafun tsakiya biyu su tafi ga sandar. Biyun gefe guda su karɓi waya mai wuta da ta jiki daga batir. Biyun ɗaya gefen a haɗa su da waɗannan a gicciye. Sa fis dab da batir, ɗan sama da abin da aka rubuta sandar na ja. In makunnin bai kai ƙarfin wutar ba, sa rile biyu, wato makunnan da ƙaramar wuta ke kunnawa su ɗauki babba, su ɗauke masa. Ka lura da cajin taraktar: wasu ƙananan injuna amfiya uku kawai suke mayarwa, wasu 15 ko 20, sanyi kuma na rage ƙarfin batir. Ga fitilu a kunne, ga sanda na aiki, sai ka kashe inji ya ƙi tashi.

Irin wannan sanda in ta tsaya ta kulle, ba ta ja da baya ko an doke ta, dukan sai ya ƙare a kan haƙoran cikinta. Saboda haka kada ka haɗa ta da garma kai tsaye. Ta tura maratayi, maratayi ya tura sifirin, kamar yadda aka yi a sama.

Mai haidirolik

In taraktarka na ɗagawa da mai, wataƙila dannin na nan, ba ka dai same shi ba. Ƙirga tiyon da ke shiga silinda. Ɗaya ne, ɗagawa kawai take yi, saukowa da nauyi ne. Sai an canza silinda da bawul. Biyu ne, tana turawa ta ja. A irin su John Deere 318, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1992, garmar gaba da silinda take tashi ta sauka, hannun bawul kuma in ka tura shi can ƙarshe yana maƙalewa a matsayin sake, inda garma ke bin ƙasa da nauyinta kawai. Kafin wannan matsayi akwai na turawa ƙasa. A wasu taraktocin silinda na turawa, amma tsaga ko sarƙa a tsakani na shanye turin. Cike tsagar da fil ko guntun ƙarfe mai cirewa.

A nan matsalar ba ƙarancin ƙarfi ba ce, yawansa ne. Silinda mai faɗin santimita 5 a matsin mai na bar 50 (bar ma'aunin matsi ne) tana tura kusan kilo 1,000. Ta ɗaga gaban tarakta sama ba tare da ta ji ba. Taɓa hannun kaɗan-kaɗan kana kallon tayoyin gaba. Da ka ga kumburin gefensu ya fara miƙewa, ya isa. In kana zargin yoyo, nemo shi da kwali, ba da hannu ba, domin mai a irin wannan matsi yana huda fata. Kafin kwance kowane tiyo, sauke garma, kashe inji, ka kaɗa hannun bawul gaba da baya matsin ya fita.

Gwaji da tuƙi

Fito da taraktar waje kafin ka tayar da ita, hayaƙin inji a rufaffen gareji na kisa. Garma na danne, sa ƙarfen ɓamɓara a ƙarƙashin baki ka ɗaga: ya kamata ta tashi santimita huɗu ko biyar kafin gaban tarakta ya motsa. Ta ƙi, sifirin ya yi tauri ko ya haɗe. Sannan a fili, da tafiyar ƙafa, juya hagu, juya dama. In gaba na zamewa, rage. Karkata garmar gefe ka sake gwadawa, domin a karkace dusa na tura gaban tarakta gefe, a nan rashin nauyin gaba ya fi nunawa.

Wajen aiki, kwashe ta sama a sake tukuna, sannan ka dawo da danni ka kankare ta ƙasa, rabin faɗin garma a kowane bi. Danna a miƙaƙƙiyar hanya, saki kafin kwana. Gaɓar daɓe, murfin magudana, bakin titi, duk ka san inda suke tun kafin dusa ta rufe su, ka kafa sanda a gefe. Ka tunkare su a hankali, garma a karkace don kusurwa ɗaya ta fara hawa. Kada ka danna a kan ciyawa ko a gangare mai santsi.

Inda za ka fi jin daɗin aikin nan shi ne bakin ƙofar gareji, wurin da ba a iya turawa sai dai ja. Ka matso har ƙofa garma a sama, ka sauke, ka danna, ka yi baya. Garmar da a da take hawa kan dusa ta bar ta, yanzu za ta jawo ta. Ƙanƙarar da ta manne da siminti kamar gilashi kuwa ba ta jin kilo 30, ba ta jin 60. Watsa mata gishiri, wanda ke aiki sosai har wajen digiri 9 ƙasa da sifili, ka ba shi lokaci ya ratsa ya raba ta da daɓen, sannan ka bi da garma.

Bayan awa ɗaya ta farko sake bin notunan da sufana, za ka samu wanda ya saki. Baki zai riƙa cinyewa da sauri fiye da da, ka riƙa duba shi kafin cin ya kai ramukan notuna. Idan hunturu ya wuce, wanke gishirin, sassauta notunan ƙasa sifirin ya huta, shafa wa zaren rodi giris, ka yi alama da fenti a inda notin yake don kada baɗi ka sake ɗauko sikeli.